Nicolas Leblanc: wanda ya fitar da soda daga gishiri, da abin da ya hana shi cin gajiyarta

Tambaya: Sana'ata haɗa sabulu. A wajen horo an ce mana wani Bafaranshe mai suna Nicolas Leblanc ne ya fara yin soda daga gishiri, amma ya mutu ba shi da ko sisi. Wane ne shi? Yaya gishiri ke komawa soda? Kuma tunda soda ta yi tsada, zan iya bin hanyarsa in yi tawa?

Amsa: Malama, abin da aka faɗa muku gaskiya ne, sai dai an taƙaita shi ƙwarai. Dabarar Leblanc ta yi aiki tun ranar farko, kuma ta riƙe masana'antun Turai kusan shekara ɗari. Abin da ya kayar da shi ba a cikin tanderu yake ba. Jari ne, da siyasa, da farashin kasuwa. Amma kafin a zo nan, sai an san sodar da ake magana a kai.

Sodar Leblanc ita ce sodiyam kabonet, farin garin nan da kuke kira soda ash, ba kostik soda mai cin hannu ba. A zamaninsa daga ita ake samun kostik: a dafa ta da jiƙaƙƙiyar farar ƙasa, alli ya kwanta a ƙasa, ruwan sama ya zama ruwan kostik. A lissafi, kilo 106 na soda da kilo 74 na jiƙaƙƙiyar farar ƙasa suna ba da kilo 80 na kostik. Don haka wanda ya riƙe soda ya riƙe sabulu, ya riƙe gilashi, ya riƙe wankin zare da yadi a masaƙu.

Kafin shi, yawanci daga toka ake samun ta. Tokar itace da ta karan hatsi fotash take bayarwa, shi ya sa sabulun salo yake da laushi. Sabulu mai tauri, wanda za a yanka sanda-sanda a loda a jirgi, sai da soda. Faransa tana sayen mafi kyawunta daga Sifen, inda ake noma wani tsiro na bakin teku a yankin Alicante, a shanya shi, a ƙone a rami, tokar ta narke ta dunƙule. Ana kiran ta barilla, kuma ko mafi kyawu sodar da ke cikinta ba ta wuce kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Tokar ciyawar teku da ake ƙonawa a gaɓar arewacin Faransa da Sikotilan ba ta kai ko kashi 10 ba. Akwai kuma kanwar Masar, 'yar'uwar wadda fatake ke kawowa Kano daga Mangari da bakin Tafkin Chadi, domin ita ma kanwa sodiyam kabonet ce gauraye da gishiri da ƙasa. Masu sabulun Marseille, a kudancin Faransa, da masu gilashi sun dogara da waɗannan, kuma duk ranar da yaƙi ya tashi a teku sai kaya su yanke.

Tun 1736 wani masani Bafaranshe, Duhamel du Monceau, ya nuna cewa tushen gishirin miya da na soda ɗaya ne. Gishiri kuwa ga shi nan jibge a teku. Abin da ya rage shi ne a raba sodiyam da kulorin, a haɗa shi da kabonet, a farashin da ɗan kasuwa zai iya ɗauka. A farkon shekarun 1780 Majalisar Masana Kimiyya ta Faris ta sa gasa, da kyautar liba 2,400, liba kuwa ita ce kuɗin Faransa na lokacin. An yi ta ɗage wa'adin, ba wanda ya ci.

An haifi Leblanc ranar 6 ga Disamba 1742 a Ivoy-le-Pré, a tsakiyar Faransa. Mahaifinsa ma'aikaci ne a wata maƙerar ƙarfe, ya rasu a 1751 yaron yana da wajen shekara tara. Ya tashi a Bourges a hannun wani likita, a 1759 ya shiga makarantar koyon tiyata a Faris. Aikin tiyata bai riƙe masa gida ba, sai a 1780 ya samu shiga gidan sarautar Orléans a matsayin likita. Uban gidansa, Louis Philippe, ɗan'uwan sarki ne, mai dukiya, mai sha'awar masana'antu. Nan Leblanc ya samu albashi da sarari. Ya fara da binciken yadda gishiri iri-iri ke ƙanƙarewa su yi ƙwayoyi masu kusurwa, da yadda ake sarrafa girmansu da siffarsu, har ya fitar da littafi a kai a 1802. Wannan horon na mai zaman haƙuri a gaban tukunya ne ya shiga da shi maganar soda wajen 1784.

Rabin hanyar an riga an san shi. Zuba asid ɗin farar wuta a kan gishiri a samu sodiyam salfet, wannan tsohon ilimi ne tun zamanin Glauber, masanin sinadarai Bajamushe, a ƙarni na 17. Gasa salfet da gawayi ma an gwada, amma abin da ke fitowa sodiyam salfayid ne, mai wari, wanda ba ya yin sabulu. Wani limamin coci, Malherbe, ya gwada ƙara ƙarfe a 1777, ya samu soda kaɗan da tsada. Abin da Leblanc ya kawo, wajen 1789, abu ɗaya ne: alli. Kada ki raina shi don ƙanƙantarsa. Alli ne ya ba farar wutar wurin zuwa, ya kama ta a cikin wani abu da ba ya narkewa a ruwa, ya kuma ba sodiyam kabonet ɗin da yake nema. Duk masana'antar da ta biyo baya a kan wannan ta tsaya.

Ga yadda aikin yake.

Da farko ana zuba gishiri a faffaɗan kasko, na darma a zamanin Leblanc, na baƙin ƙarfe daga baya, a kwarara masa asid ɗin farar wuta, wato irin na ruwan batir amma mai ƙarfi sosai. Kilo 100 na gishiri yana cin kimanin kilo 84 na tsantsar asid, ya ba da kilo 121 na sodiyam salfet, sannan kilo 62 su tashi sama a matsayin hayaƙin haidirojin kulorayid. Riƙe wannan 62 ɗin, za mu dawo kansa. A wuta mai sauƙi rabin gishirin ne kawai ke juyawa, don haka sai an kwashe cakuɗin an tura shi tanderu mai ja, a yi ta juyawa har hayaƙin ya ƙare. In asid ya yi kaɗan ko ba a juya sosai ba, ɗanyen gishiri ya saura, zai bi kayan har ƙarshe ya rage wa sodar ƙarfi. In ya yi yawa, an yi asarar abu mafi tsada a cikin aikin, kuma kaskon ne zai sha.

Mataki na biyu shi ne zuciyar aikin. Awon da Leblanc ya rubuta a takardar mallakarsa: salfet kashi 100, alli kashi 100, gawayi kashi 50, duk da nauyi, a niƙe a gauraye. Alli da dutsen farar ƙasa da ake yin siminti da shi abu ɗaya ne, kalsiyam kabonet, shi ya sa a Ingila suka koma dutsen da garin kwal. Ana baza haɗin a tanderu mai gajeren rufi wanda wuta ke ci a gefe guda, harshenta ya bi rufin ya daki kayan daga sama, zafi ya kai wajen digiri 1,000. Gawayi ya ƙwace iskar oksijin daga salfet ya mayar da shi salfayid. Nan take salfayid ya yi musaya da alli: sodiyam ya ɗauki kabonet ya zama soda, kalsiyam ya ɗauki farar wuta ya zama kalsiyam salfayid.

Mai lissafi zai ga kamar awon ya yi yawa, domin a takarda kilo 100 na salfet alli kilo 70 da gawayi kilo 17 kawai yake buƙata, ya ba da soda kusan kilo 75. Rarar tana da aiki. Wani gawayin wuta ce ke cinye shi kafin ya taɓa salfet. Sauran kuma, can ƙarshe, yana haɗuwa da rarar alli su ba da ƙonanniyar farar ƙasa da iskar kabon monoksayid. Iskar ce ke huda dunƙulen ya yi ƙofofi, farar ƙasar kuma in ta sha ruwa sai ta kumbura ta farfasa shi daga ciki. Ba don haka ba, da dutse za a fitar wanda ruwa ba ya ratsawa.

Ma'aikacin tanderu ba shi da ma'aunin zafi, ido ne da hannu. Yana tsaye da doguwar cebur ta ƙarfe yana juyawa ta wata 'yar ƙofa. Garin ya fara laushi, ya narke, ya yi ta tafasa, sannan ya fara kauri kamar tuwo ya kusa tuƙuwa. A daidai nan ƙananan harsunan wuta masu launin rawaya ke fara tsartuwa daga jikin kayan, iskar monoksayid ce ke ci, sodiyam ya rina ta. Ita ce alamar a jawo shi waje cikin akwatin ƙarfe. Wanda ya yi gaggawa zai fitar da dunƙule mai laushi da ɗanyen salfet a ciki. Wanda ya yi jinkiri zai fitar da ƙonanne, mai jaja-jaja, mai tauri, wanda sodar cikinsa ta fara komawa salfayid. Tsakanin biyun 'yan mintoci ne. In gawayin ko kwal ɗin mai yawan toka ne, yashi da laka na cikin tokar sai su ɗaure wani ɓangare na sodar a abin da ba ya narkewa, asara ce da ba a gani sai an auna.

Abin da ya fito ana kiran sa baƙar toka, sodar cikinsa kashi 40 zuwa 45 ce. Mataki na uku shi ne a jiƙa ta, sodar ta narke, kalsiyam salfayid ya saura a ƙasa. Nan ma akwai tarko biyu. Ruwan ya zama mai ɗumi kawai, kada ya wuce digiri 40 da yawa, domin ruwan zafi yana sa musayar ta juya baya, soda ta koma salfayid, ruwan ya yi duhu. Kuma kada a bar baƙar tokar ta daɗe a iska, ko ta leƙo saman ruwa a cikin kwatarniya, domin iska na mayar da salfayid ɗin salfet, shi kuma ya ci sodar ya mayar da ita inda aka faro. Daga baya masana'antu suka jera tankuna, sabon ruwa ya fara shiga wanda ya kusa ƙarewa, ya fita ta wanda aka cika yanzu, a samu ruwa mai kauri ba tare da an ɓata makamashi wajen ƙafar da shi ba. A ƙarshe a dafa ruwan har ƙwayoyin soda su fito, a tsame, a sake gasawa, a samu farin gari.

Leblanc ya kai maganar wurin uban gidansa. Shi kuma ya sa Jean Darcet, farfesan kimiyyar sinadarai a Collège de France, ya tantance, Darcet ya ɗora mataimakinsa Michel Dizé a kan gwajin. Da aka tabbatar, aka ƙulla yarjejeniya a Landan a Fabrairun 1790, uban gidan ya yi alkawarin liba 200,000. Abokan harkar su ne Leblanc, da Dizé, da Henri Shée wakilin mai kuɗin. Aka gina masana'anta a Saint-Denis, arewa da Faris. Faransa ta kafa dokar mallakar ƙirƙira a Janairun 1791, kuma ranar 25 ga Satumba na shekarar Leblanc ya samu takardarsa ta shekara 15. Abin da masana'antar ke iya fitarwa bai wuce tan ɗari uku da 'yan kai a shekara ba. Ƙarama ce, amma ta nuna abin yana yiwuwa a wajen ɗakin gwaji.

Sai juyin juya halin Faransa ya ci ta ta fuska uku. Da yaƙi ya tsananta a 1793, gwamnati ta tattara farar wuta da sinadarin albarushi don yin harsashi, su ne kuwa ake yin asid da su. Ba asid, ba salfet, aiki ya tsaya. Ranar 6 ga Nuwamba 1793 aka fille kan uban gidan nasa, duk da ya bi 'yan juyin juya halin har ya ɗauki sunan Philippe Égalité, aka ƙwace dukiyarsa, masana'antar kuwa a cikin dukiyar take. A 1794 kwamitin da ke mulkin ƙasar ya umarci duk mai dabarar yin soda ya miƙa ta don amfanin ƙasa, aka buga ta Leblanc dalla-dalla. Jari, da wurin aiki, da sirri, duk sun tafi cikin shekara ɗaya. Kyautar gasar ma ba a taɓa ba shi ba. Wa'adinta na ƙarshe ya wuce kafin ya kammala aikinsa, Majalisar kanta an rushe ta a Agustan 1793.

Ya riƙe ayyukan gwamnati nan da can, a hukumar albarushi, a binciken ma'adinai a kudancin ƙasar, har shi aka sa ya ƙidaya kayan ɗakin gwajin Lavoisier, shahararren masanin sinadarai, bayan an kashe shi. Yawancinsu ba wani abin kirki suka kawo masa ba. A farkon mulkin Napoleon aka mayar masa da masana'antar, amma kango, ba kuɗin tayar da ita. Ya nemi diyya shekara da shekaru, abin da aka yanke masa bai kai abin da ya nema ba, shi ɗin ma bai shiga hannunsa ba. Ranar 16 ga Janairu 1806 ya kashe kansa da bindiga, yana da shekara 63.

A ganina an zalunce shi, amma wanda ya tsaya a nan bai fahimci harkar ba. Ko da an mayar masa da komai a 1795, da wuya ya ci riba, domin sodar gishiri ba ta iya gogayya da barilla muddin jiragen Sifen na shigowa, asid kuma na da tsada. Dubi abin da ya faru bayan mutuwarsa. A 1808 yaƙi ya ɓarke da Sifen, barilla ta yanke. A 1809 aka ɗauke wa masu yin soda harajin gishiri, a 1810 aka hana shigo da sodar waje. Cikin 'yan shekaru masana'antu suka cika kewayen Marseille, duk da dabararsa, ba mai biyan kowa komai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. A Birtaniya ma haka: James Muspratt ya buɗe tasa a Liverpool a 1823, daidai lokacin da aka sassauta harajin gishiri, Charles Tennant ya mayar da St Rollox a Glasgow ɗaya daga cikin manyan masana'antun sinadarai na duniya. Sodar nan ce ta haɗu da manjan da ake lodi daga gaɓar Afirka ta Yamma, aka kuma soke harajin sabulu a Ingila a 1853, sannan sabulu ya zama kayan talaka. Leblanc ya kawo ƙafa ɗaya ce daga cikin ukun.

Daga baya an tuna da shi. Iyalan Dizé sun ce nasu ne ya gano dabarar, Majalisar Masana Kimiyya, wadda aka sake kafawa, ta binciki takardun a 1856 ta tabbatar wa Leblanc. A shekarun 1880 aka kafa mutum-mutuminsa a harabar Conservatoire des Arts et Métiers a Faris.

Yanzu mu koma kan kilo 62 ɗin nan, domin shi ne amsar tambayarki ta ƙarshe. Hayaƙin haidirojin kulorayid in ya haɗu da raɓa ko ruwan sama asid yake zama. A garuruwan Widnes da St Helens na Ingila ya ƙone gonaki, ya kashe itatuwa, ya cinye ƙarfen rufi, ma'aikata suna ɗaure baki da tsummoki ninki-ninki amma haƙoransu na zubewa. Dogayen bututun hayaƙi sun ƙara wa ɓarnar nisa ne kawai. A 1836 William Gossage ya gano cewa in aka tura hayaƙin ta ƙasan hasumiya cike da gawayin kwal, ruwa na tsiyaya daga sama, ruwan zai shanye shi. Da yawa ba su damu ba sai da dokar 1863 ta tilasta a kama kashi 95 cikin ɗari, aka naɗa Robert Angus Smith babban mai duba. Sannan ga dusar da ta saura bayan jiƙo, tan ɗaya da rabi zuwa biyu a kan kowane tan na soda. Ana jibge ta tsibi-tsibi, ruwan sama ya ratsa, ta riƙa fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda guba ce, wani lokaci tsibin ya kama da wuta. Duk farar wutar da aka saya da tsada don yin asid a can take ƙarewa. Dabarun Weldon da Deacon sun mayar da hayaƙin kulorin na hodar wanke yadi, ta Chance kuma ta ceto farar wutar a ƙarshen shekarun 1880, amma a lokacin an makara.

Ernest Solvay ɗan Beljiyam ya riga ya kafa masana'antarsa a Couillet a shekarun 1860. Hanyarsa ba ta buƙatar asid: ruwan gishiri, da amoniya da ake sake juyawa, da iskar da ke fita daga gasasshen dutsen farar ƙasa. Makamashi kaɗan, datti kaɗan. Masu hanyar Leblanc a Birtaniya sun dunƙule a kamfani ɗaya, United Alkali, a 1890 don su tsira, amma zuwa 1900 kusan kashi 90 na sodar duniya ta Solvay ce, kuma na ƙarshensu sun rufe a farkon shekarun 1920.

Don haka, Malama, kada ki gwada. Buhun gishiri ɗaya mai kilo 50 zai saki kilo 31 na wannan hayaƙin a tsakar gidanki da na maƙwabta, kuma shaƙarsa kaɗan na iya ƙone huhu. Za ki buƙaci asid mai ƙarfi kusan kilo 42, da tanderun da murhun gida ba ya kaiwa zafinsa. Bayan duk wannan soda ash za ki samu, ba kostik ba. Yawancin soda ash ɗin da ke kasuwa yau daga hanyar Solvay take, ko daga kanwar da ake haƙowa a Wyoming ta Amurka, da Tafkin Magadi a Kenya, da Sua Pan a Botswana. Kostik kuma ana yin ta ne ta hanyar ratsa ruwan gishiri da lantarki. In tsada ce ta dame ki, ku haɗa kuɗi da abokan sana'a ku sayi buhu maimakon awo, ku adana kostik a mazubin roba mai murfi da ke rufewa gam, domin in ta sha iska da laima sai ta jiƙe ta fara komawa soda ash, ƙarfinta ya ragu, sabulu ya ƙi kamawa.